Wanda Numfashina Yake Hannunsa

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ni ungozoma ce a nan Maradi, ni ce kuma nake ba da waƙa a zumuntar matan ikilisiyarmu. Akwai masu tambayata yadda nake haɗa kwanan ɗakin haihuwa da tsayuwa gaban mata ranar Lahadi. A wurina aikin ɗaya ne. Da dare ina jiran numfashi ya shiga ƙirjin jariri, da safe ina taya manya mayar da nasu ga wanda ya ba su. A kan wannan nake so in ba da shaida.

Mahaifina mutumin wani ƙauye ne a wajen Madarunfa. Kuturta ta kama shi yana saurayi, dangi suka ware masa ƙwarya da tabarma, har wani mai tausayi ya kai shi Danja, asibitin kutare da 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1956 kudu da Maradi. A can ya sha magani, a can ya koyi karatu, a can kuma ya ji bishara ya karɓa. Cutar ta tsaya amma ta bar shaidarta: yatsu sun gutsure, karan hanci ya lotsa, murya ta dushe. Mutane sun san kuturta da cin yatsu, ba kowa ya san tana shiga hanci da maƙogwaro ba. In Baba yana barci, daga tsakar gida muna jin numfashinsa yana fita da ɗan fito.

Da wannan muryar yake tashi kowace asuba ya rera waƙar yabo. Yana da tsohon Littafi Mai Tsarki, fassarar nan ta 1932, da gefen tafin hannu yake buɗe shafi. Wani lokaci Inna takan ce, "Malam, ka bar yaran nan su yi barci mana." Sai ya ce, "Wanda ya kwana yana ba ni numfashi bai runtsa ba, ni ne zan hana shi gaisuwa?" Mu yara a lokacin dariya muke yi cikin bargo. Sai da na girma na riƙe jariri a hannuna na ji nauyin maganar.

Na yi karatun ungozoma a Damagaram, na dawo gida na kama aiki. Wanda ya san Maradi ya san ɗakin haihuwa ba ya hutawa. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 in an daidaita, mu kuwa jiharmu tana cikin na gaba. Na ga haihuwar fari ta yarinya mai cije leɓe don kunya, ba za ta yi ko uhum ba. Na ga ta goma sha ɗaya, wadda uwar ke gaya mini abin da zan yi tun ban buɗe baki ba. Duk bambancinsu, a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato ɗan lokacin nan tsakanin fitowar jariri da kukansa.

Bari in ɗan bayyana abin da ke faruwa, domin ko matan da suka haihu da yawa ba su sani ba. Jariri a ciki ba ya shan iska. Huhunsa cike yake da ruwa, abin da jininsa ke bukata daga uwa yake samu ta mabiya da igiyar cibiya. Da ya fito, dole cikin ɗan lokaci ruwan nan ya janye, huhu ya buɗe, jini ya canza hanya ya bi ta huhun. Ba wanda ya koya masa, bai taɓa gwadawa da iska ba. Yawanci sai ka ga ya yamutsa fuska, ya ja, ya tsandara kuka, jikin da ya fito da duhu-duhu ya soma washewa tun daga ƙirji. Amma akwai wanda zai fito laƙwas, hannuwa a sake, ba motsi. An koya mana cewa minti ɗaya muke da shi. Ka tsane shi da zane mai ɗumi, ka murza bayansa, in bai ja ba ka kwantar da shi ka daidaita wuyansa, ka kifa masa robar hura iska a hanci da baki, ka dinga matsawa idonka yana kan ƙirjinsa ko yana ɗagawa. A wannan minti uwa takan ɗaga kai ta ce, "Malama, lafiya? Ban ji kukansa ba." Ba ka da amsar da za ka ba ta, hannunka ne kawai ke aiki.

In ya ja ya yi kuka, ban taɓa ganin ɗakin da aka yi shiru ba. Kakar da ke bakin ƙofa, in Musulma ce za ta ce alhamdu lillahi, in Kirista ce za ta ce mun gode wa Allah, wata ta rangaɗa guɗa tun ba a gaya mata mace ce ko namiji ba. Ba wanda ya ce musu su yi. Numfashi yana shiga, yabo yana fita. Na daɗe ina kallon wannan, shi ya sa da na koma littafin Farawa sura 2 aya 7 sai na karanta ta da idon mai aikina. A sura ta farko Allah magana yake yi abu ya kasance: haske, teku, tsire-tsire, rana da wata. Da aka zo kan mutum sai ya siffata shi da ƙurar ƙasa, ya hura masa numfashin rai a hanci, mutum ya zama rayayye. Duk wanda ya taɓa hura wa wani numfashi ya san ba a yin sa daga nesa. Sai ka sunkuya, fuska dab da fuska. Haka Allah ya fara da mu. Ina ganin ba abin mamaki ba ne in halittar da aka tashe ta a haka ta kasa samun natsuwa sai ta juyo da fuskarta wurin wanda ya sunkuyo mata.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, domin shaidar da ta ɓoye shi ba ta cika ba. Akwai jariran da na hura wa iska har hannuna ya gaji, ƙirji yana ɗagawa yana sauka da ƙarfin robar, ina dainawa ya tsaya. Komai nasu ya cika, farce, gashin ido, 'yan yatsu. Annabi Ezekiyel ya ga irin wannan a kwarin ƙasusuwa, a sura 37: ƙashi ya haɗu da ƙashi, jijiya ta hau, nama ya rufe, fata ta lulluɓe, amma ba numfashi a cikinsu, sai da aka umarci annabin ya kira numfashi daga kusurwoyi huɗu. Iska nake iya turawa. Rai ba ya cikin robar da ke hannuna. Wata rana na je gaya wa wata uwa cewa ɗanta bai zo da rai ba, ina neman ta inda zan fara, sai ta riga ni. Ta ce, "Malama, kin yi iyakar yinki. Mai shi ya karɓi abinsa." Musulma ce, ba ta taɓa buɗe littafin Ayuba ba, amma abin da Ayuba ya faɗa ke nan ranar da aka kawo masa labarin 'ya'yansa: Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Littafin ya ce da ya faɗi haka yana ƙasa ne, yana sujada. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Ayar da ta fi kama ni a kan wannan magana tana cikin Daniyel sura 5. Sarki Belshazzar na Babila ya yi wa manyansa dubu biki, ya sa aka kawo kwanonin zinariya da na azurfa da aka kwaso daga Haikalin Urushalima, suna shan ruwan inabi a ciki suna yabon gumakan zinariya da azurfa da tagulla da ƙarfe da itace da dutse. Hannu ya fito ya yi rubutu a bango. Da aka kira Daniyel, kafin ya karanta rubutun sai da ya gaya wa sarki laifinsa, a aya 23: ka yabi allolin da ba sa gani, ba sa ji, ba su san komai ba, amma Allahn da numfashinka yake hannunsa ba ka girmama shi ba. Ku duba fa, sarkin nan bai rasa yabo ba, bakinsa cike yake da shi. Numfashin da Allah ya ba shi ne ya ɗauka ya kai wa abin da Zabura 135 ta ce ko numfashi babu a bakinsa. A daren nan aka kashe shi. Mu yau ba ma sassaƙa gunki mu ajiye a ɗaki, amma ina jin yadda muke ƙarar da numfashinmu wajen wasa masu kuɗi da masu mulki, ranar Lahadi mu kawo wa Allah ragowar.

Duk wannan na san shi ina tsaye da ƙafafuna. Sai Ubangiji ya bar ni na san shi a kwance.

Wani hunturu ne tari ya kama ni. A Maradi tari a hunturu ba labari ba ne, ƙura ta rufe gari, kowa yana fama da mura da kaikayin maƙogwaro. Amma nawa ya wuce mako biyu bai sauka ba, zazzaɓi yana zuwa da marece, da dare in farka rigata sharkaf da gumi cikin wannan sanyi, zanena ya fara yi mini yawa. Aka gwada kakina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce tarin fuka ne, wanda ake kira tibi. Aka ɗora ni a kan magani na wata shida: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu na baya biyu. Ana sha da sassafe kafin a ci komai. Ɗaya daga cikinsu yana mayar da fitsari ja, in ba a gaya wa mutum ba sai ya tsorata ya ce jini ne. Na bar aiki, domin ba a kusantar jarirai da wannan ciwo. Na bar zuwa majami'a a makonnin farko, tun da ta iska ake ɗaukarsa, waƙa kuwa tana watsa shi fiye da magana.

Ramar ba ta dame ni ba kamar rashin waƙar. Gidanmu ba shi da nisa da majami'a. Ranar Lahadi ina kwance ina jin an buga tulu, kacau-kacau ta ɗauka, wata ƙanwata a zumunta ta ba da waƙa mata suka amsa. In na buɗe baki zan bi su, layi ɗaya ba na kaiwa ƙarshe sai tari ya turnuƙe ni. Ƙirjina ya zama kamar zugazugin maƙeri da ya huje, ana bugawa wuta ba ta tashi. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai na tsaya na dafa bango. Na karanta addu'ar sarki Hezekiya a Ishaya 38 har na kusa haddace ta, inda yake cewa kabari ba ya yi wa Allah godiya, mutuwa ba ta yabonsa, mai rai, mai rai ne yake yabo. Allah ya ƙara wa Hezekiya shekara 15. Ni kuwa tambayata ita ce, to mai ran da ba ya iya yabon fa, ina matsayinsa?

Matar fastonmu, tsohuwa ce da ta girmi Innata, ta zo duba ni da kunun gyaɗa a cikin kwano. Muka zauna a waje inda iska ke kaɗawa, ita a kan kujera ni a tabarma can gefe. Na gaya mata abin da ke raina. Ta ce, "Ɗiyata, buɗe mini Zabura ta ƙarshe." Na buɗe ta 150. Ta ce in karanta a hankali, in na gaji in huta. Aya shida ce kawai. Na bi ta kan ƙaho, da molo da garaya, da ganga da rawa, da sarewa, da kuge masu amo. Ta ce, "A cikin waɗannan wanne kike da shi yanzu?" Na ce, "Mama, ko ɗaya." Ta ce, "Ci gaba." Na karanta ta shida, inda aka ce duk abin da yake da numfashi ya yabi Ubangiji. Ta ce, "Wannan fa?" Na ce, "Da saura, Mama, amma kaɗan ne." Ta ce, "An ce miki mai yawa? Ya san adadin da ya bar miki. A kan wanda ya bari zai tambaye ki."

Tun daga ranar na soma yin sujada daidai da ƙarfin ƙirjina. In ja numfashi, in sake shi da "Na gode, Uba." In sake ja, in sake shi da "Ya Yesu, ka ji ƙaina." Da dare in tari ya hana ni barci, haka nake yi har a kira assalatu a masallacin unguwa. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, a yini da kwana ya haura dubu goma sha bakwai, bai roƙi ko ɗaya ba, bai biya ko dala ba. Bulus ya gaya wa mutanen Atina, a Ayyukan Manzanni 17, cewa Allah ba ya bukatar komai daga hannun mutum, tun da shi ne yake ba kowa rai da numfashi da dukan abu. A kan tabarmar nan na gane cewa duk waƙar da na taɓa bayarwa a zumunta, da kayansa na yi masa hidima. Wannan bai rage mini daɗin waƙa ba, sai ma ya sauke mini wani nauyi. Ba sai muryata ta yi zaƙi kafin a karɓe ni ba, kamar yadda aka karɓi ta Baba.

Na shanye maganin har ƙwayar ƙarshe, aka sake gwaji aka ce na warke. Na koma aiki, na koma zumunta. Muryata ba ta dawo yadda take ba, dogon layi sai na raba shi biyu, mata sun saba suna jirana.

Akwai abin da nake gani a majami'unmu yanzu da yake damuna, zan faɗe shi cikin ƙauna. Mun fara auna sujada da ƙarar lasifika. In an ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, sai ka ga jama'a sun tsaya cirko-cirko kamar an hana su yabo, alhali kowa ya zo da ƙirjinsa. Matasa 'yan kaɗan suna gaba da makirufo, ikilisiya ta zama 'yan kallo. Ba na ƙin kayan kiɗa, Zabura da kanta ta lissafa su. Amma tsohuwar da ke bencin baya tana motsa leɓe, da mai shanyewar ɓarin jiki da kalma ɗaya yake iya fitarwa, da jaririn da ke kuka a bayan uwarsa har ana harararta, duk suna cikin aya ta shida. In ƙarar na'ura ta hana mu jin su, mun rage ƙungiyar mawaƙan da Allah ya tara. Yakubu kuma ya gargaɗe mu a wasiƙarsa sura 3 cewa da harshe ɗaya muke yabon Ubangiji muke la'antar mutanen da aka yi cikin kamanninsa. Na sha jin an fito daga sujada, tun ba a kai bakin titi wurin 'yan kabu-kabu ba an fara cin naman wata. Numfashin da aka yi Halleluya da shi ne bai ko huce ba.

Sannan in mun yarda numfashi kyautar Allah ce, kula da shi ma hidima ce. Mata, hayaƙin itace da kara da muke girki da shi a rufaffen madafa, da goyo a baya, yana cin huhun yaran nan. A fito da murhu inda iska ke wucewa, a ba wata ta riƙe jariri. In yaro yana tari da zazzaɓi, ki ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Wanda bai kai wata biyu ba, in ya kai 60. Daga wata biyu zuwa shekara, in ya kai 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, in ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja, kada ki jira gobe, ki kai shi likita. Babba kuma da tarinsa ya wuce mako biyu ya je a gwada kakinsa. Tarin fuka yana warkewa, ga ni. Abin da ke kashe mutane shi ne ɓoyewa don kunya, da barin magani da zarar an ji sauƙi. Addu'a da shan magani ba kishiyoyi ba ne, na yi duka biyun a rana ɗaya har wata shida.

A daren tashinsa daga matattu, Yesu ya sami almajiransa sun kulle ƙofa don tsoro. Yahaya sura 20 ta ce ya yi musu sallama, ya nuna musu hannuwansa da kwiɓinsa, sa'an nan ya hura musu numfashi ya ce su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Wanda ya saki numfashinsa a kan gicciye yana cewa ya Uba, a hannunka na danƙa ruhuna, shi ne ya dawo ya sunkuyo kan mutanensa yadda aka yi a Farawa. Wannan ne begena game da Baba, wanda ya riga mu gidan gaskiya, da kuma jariran da robata ba ta iya tayarwa ba. Numfashin farko da aka ba mu a ɗakin haihuwa zai ƙare wata rana, Zabura 104 ta ce in Allah ya ɗauke numfashi halitta takan koma ƙura. Na biyun da Almasihu ya bayar ba ya ƙarewa.

Ina roƙonku ku sa mu a addu'a, mu masu aikin ɗakin haihuwa a Maradi da ƙauyukanta, musamman 'yan matan da suka fara aiki bana, waɗanda hannunsu ke rawa a wannan minti na farko. Ku tuna da uwayen da suka koma gida da zanen goyo a ninke. Ku tuna kuma da masu shan maganin tarin fuka a wannan hunturu, Allah ya ba su haƙurin kaiwa wata na shida.